Ledar Alhamis da Tsohuwar Kyamara

Alhamis, 2 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Awon jini: 158 bisa 96.

Likita ne ya ce in sayi littafi in riƙa rubuta lambar nan kullum. Bai ce in ƙara komai ba, amma shafi ya yi faɗi, lamba kuma 'yar mitsitsiya. Ni kuwa tun ina aji huɗu malaminmu ya ce bakina ya fi kaina gudu. A aji huɗun na tsaya, don kada in ƙaryata bawan Allah.

Yau ma an rataye ledar a ƙofar gida. Farar leda, ƙulli biyu, maganina na sati guda cif. Wannan ce ta goma sha shida. Na shiga ɗaki na kunna akwatin kyamara, na mayar da hoton baya zuwa shida da kwata. Abin da na gani shi ne abin da nake gani kowace Alhamis: wani abu mai kama da hayaƙi ya zo, ya ɗaga hannu, ya tafi. Ko mutum ne, ko labulen wani ne ya fito shan iska, kyamarar ba ta da ra'ayi.

Injiniya ce ta ɗaura kyamarorin nan shekara biyar da suka wuce, ɗaya a ƙofa, ɗaya a tsakar gida, lokacin da mamanta ta fara kwanciya. 'Yata ke nan, ita kaɗai gare ni. Tun tana shekara tara nake kiranta haka, ranar da ta kwance rediyona ta mayar, ƙusoshi uku suka yi saura a hannunta, kuma muryarsa ta fi ta da fita.

Wata huɗu ke nan, tun rasuwar mamanta, ba ta taka gidan nan ba. Ba ta ɗaukar wayata.

Ban ce ita ce mai ledar ba. Na dai ce ƙulli biyu. Haka mamanta take ƙulla leda.

Alhamis ɗin dai, ƙarfe biyar na yamma

Kada wanda zai tsinci littafin nan ya ce tsohon banza, me ya hana ka fita ka tsaya a ƙofa? Na tsaya. Sau biyu na laɓe a bayan ƙyaure tun gari bai gama wayewa ba, kamar mai tarkon ɓera. Ba a zo ba. Sai da na gaji na shiga wanka, na fito da sabulu a kunne, na tarar da leda tana lilo.

Na san inda take aiki. Sau biyu na kai har bakin titin. Na sayi jarida na dawo. Ni da ba na wuce manyan baƙaƙen shafin farko.

Asabar, 4 ga wata, ƙarfe sha ɗaya

Awo: 155 bisa 94.

Tela maƙwabcina ya turo mini mai kyamara. Dogon mutum ne mai furfura a gemu, da jaka cike da sukurdireba. Ba ya dariya. Na gwada shi sau uku, ko gezau.

Ya dubi akwatina ya ce, "Baba, wannan ai kakar kyamarori ce."

Na ce, "To ka gaishe ta da ladabi, sa'ata ce."

Ya ce, "Me aka sace maka?"

Na ce, "Ba sata ake yi ba. Kawowa ake yi."

Ya dube ni, sannan ya ce, "Shekara goma sha takwas ina wannan aiki, ban taɓa ɗaura kyamara don a kama mai alheri ba."

Na ce masa fuska kawai nake so in gani. Ya ce sababbin da zai kawo, ko ƙuda ya sauka a ƙofata zan san namiji ne ko mace. Daga baya na gane wasa ne ya yi. Haka nasa yake fitowa, ba sallama.

Litinin, 6 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

An ɗaura. Guda huɗu, farare, kowace da jan ido. Gidana ya koma kamar wurin da ake ajiye wani abu mai daraja. Abin da ke ciki: ni, kujera biyu, firij mai tari.

Da ya cire ta tsakar gida, wadda ke kallon famfo, wurin ya bar shatar fenti mai haske kamar tafin hannu. A jikin kebul ɗin akwai 'yar takarda da aka manna da salatif, da rubutun Injiniya: *tsakar gida*. Na ce ya ba ni takardar. Ya ce ba ta da amfani. Na ce na sani, mu biyu ke nan.

Ya tafi da tsohon akwatin da kyamarorin, wai ko zai samu abin cirewa a ciki. Na ce ya ɗauka, ba na son ganinsu.

Talata, 7 ga wata, ƙarfe tara na safe

Awo: 160 bisa 97.

Hoton dishi-dishi ne. Sabuwar ta fi tsohuwar hazo. Tela ya wuce ta ƙofata, na ga kamar buhu ne ya yi ƙafafu.

Na kira mai kyamara. Ya ce, "Ka ɓare ledar da ke kan gilashin?"

Na ce, "Wace leda?"

Ya ce ai ya gaya mini ya bar ta saboda ƙurar huda bango, in ɓare da kaina in ta lafa. Mai yiwuwa ya faɗa. A lokacin ina ba shi labarin yadda na yi shekara talatin ina tuƙa motar burodi ban taɓa buge ko kaza ba. Haka nake. In ana gaya mini abu mai muhimmanci, ni ina can ina shirya abin da zan faɗa.

Na hau tsani. Tela ya leƙo ta katanga ya ce, "Direba, in ka faɗo ka faɗo ta ɓangarenka, na share nawa." Ba wanda ya riƙe mini tsanin. A da akwai masu faɗa da ni a kan hawan tsani har mutum biyu.

Alhamis, 9 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi

An kawo ledar.

Na zauna gaban allo, na mayar da hoton. Fari fat. Kyamarar tana kallon gabas, rana ta fito ta zauna a cikin idonta. Sai wata inuwa a tsakiyar hasken, ba fuska, ba launi.

Amma yau inuwar ba ta yi sauri ba. Ta zo, ta ɗaga hannu za ta rataya, sai ta tsaya. Ta ɗaga kai. Ta dubi kyamarar ƙofa, ta juya ta dubi ta kusurwa. Daƙiƙa arba'in da ɗaya, agogon allo ne ya ƙirga. Sannan ta rataye ta tafi a hankali.

Na kalla sau goma sha wani abu. Tsayin nata ne. Yadda take karkata kai in tana duba aikin da wani ya yi, nata ne.

Na manta ban yi awo ba.

Juma'a, 10 ga wata, ƙarfe uku

Mai kyamara ya dawo. Ya sauko da ita ƙasa kaɗan, ya juya ta kudu, ya yi mata 'yar rumfa da gwangwani. Ya shiga cikin akwatin ya taɓa wasu wurare, ya ce ashe ƙaramin hoto yake ajiyewa don kada cikinsa ya cika da wuri, yanzu ya mayar da shi babba.

Na ce, "Ashe har akwati ya san rowa."

Ya ce, "Uhm."

Na ba shi shayi. Ya sha a tsaye. Na so ya zauna, amma ban san yadda ake roƙon mutum ya zauna ba tare da an mayar da abin wasa ba.

Lahadi, 12 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Awo: 162 bisa 98.

Da safe wani farin zare ya ratsa hoton daga sama har ƙasa. Na ɗauka gilashin ne ya tsage. Gizo-gizo ne ya yi gida a rumfar. Na kore shi da tsintsiya, na ba shi haƙuri. Shi kaɗai ne ya nemi zama da ni a wata huɗun nan.

Yaya ta kira. Ita ta goye ni, don haka har yau a wurinta ban gama wayo ba.

Ta ce, "Na ji ka mayar da gida gidan yari."

Na ce, "Tsaro ne, Yaya."

Ta ce, "Tsaron me? Ai abin da ya kamata a ɗaura wa kyamara a gidan nan bakinka ne."

Na ce wasa na yi ranar da Injiniya ta iso zaman makoki. Kowa ya san ni da wasa.

Ta ce, "Gida cike da mutane, ba a ko naɗe tabarmi ba. Yarinya ta kwana a hanya daga inda aiki ya kai ta, ta shigo da jakarta a kafaɗa, ko takalmi ba ta cire ba. Wannan ne lokacin wasa? Wa ya yi dariya? Gaya mini mutum ɗaya."

Na ce layin yana yankewa. Garau yake.

Na san tana magana da Injiniya. Ba ta taɓa cewa tana yi ba, ban taɓa tambaya ba.

Litinin, 13 ga wata, ƙarfe biyu

Wasan da na yi wa Injiniya ranar, kalma bakwai ce. Na ƙirga. Ba zan rubuta ta a nan ba, littafin likita ne.

Laraba, 15 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Awo: 150 bisa 92.

Tangaram! Yau hoton ya fito kamar a miƙa hannu a taɓa. Ina ganin tururuwa a jikin ƙyaure. Na karanta lambar babur ɗin mai kawo ruwa. Na gano kyanwar wa ke zubar mini da kwandon shara, kuma zan ajiye maganar sai ranar da Tela ya ƙara yi mini baki.

Na goge riga don gobe. Sai da na rataye ta na tuna allo zan kalla, allo kuma ba ya kallon mutum. Zan dai sa.

Alhamis, 16 ga wata, ƙarfe bakwai

Ba a zo ba tukuna.

Ƙarfe goma

Ba a zo ba.

Ƙarfe shida na yamma

Ƙusa ce a jikin ƙyauren, inda ake rataye ledar. Yau na ga tana da tsatsa a kai, kuma ta ɗan lanƙwashe hagu. Ban taɓa ganin ƙusa da kyau haka ba. Aikin mai kyamara ya yi.

Asabar, 18 ga wata, ƙarfe sha biyu

Awo: 171 bisa 101.

Magani ya ƙare tun shekaranjiya. Na je kemis. Mai kemis ta ce wanne nake sha, na ce fari da ɗan ja. Ta ce, "Baba, rabin shagon nan fari ne da ɗan ja." Sai da na dawo gida na tono tsohon kwalin a shara na koma.

Shekara goma sha ɗaya ina haɗiyar abu ban san sunansa ba. Mamanta ce ke miƙo mini a tafin hannu. Bayan ta kwanta, Injiniya. Bayan nan, ƙusa.

Talata, 21 ga wata, ƙarfe huɗu

Na wanke kofi biyu. Ɗaya kawai na ɓata.

Alhamis, 23 ga wata, ƙarfe tara

Babu.

Kyanwar Tela, mai ruwa, wata mata da ta tsaya gyara ɗaurin kaya, iska. Duk garau.

Asabar, 25 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Awo: ban yi ba.

Mai kyamara ya zo ba tare da na kira shi ba. Ya ce ya biyo ne ya ga ko hoton ya zauna. Ya duba, ya ce lafiya lau. Ya yi kamar zai tafi, sai ya tsaya yana juya sukurdireba a hannu.

Ya ce, "Baba, wa ke kallon tsohon akwatinka a waya?"

Na ce ba kowa. Ni ko saƙo sai an buɗe mini.

Ya ce ya kunna shi a shago kafin ya kwance shi, sai ya ga an haɗa shi da wayar wani ta intanet ɗin gidan, kuma akwatin yana rubuta duk lokacin da aka shigo kallo. Ya ciro takarda daga aljihu, ya kwafo mini. Bakwai da minti biyu. Bakwai daidai. Bakwai da minti biyar. Kullum, ba fashi, kyamarar tsakar gida. Ranar Alhamis kuma shida da minti goma. Layi na ƙarshe: Litinin, shida ga wata, da safe. Ranar da na ce ya ɗauke ba na son ganinsu.

Ƙarfe bakwai nake fitowa bakin famfo in sha magani.

Ta gaya mini. Yanzu na tuna. Tana kan tsani, tana cewa, "Baba, daga wurin aiki zan riƙa ganin Mama a wayata," ni kuma ina ƙasa ina cewa ta juya abin kada ya ɗauki sanƙona. Na ɗauka wannan aikin ya ƙare tun ranar da kujerar mamanta ta zama kujera kawai.

Mai kyamara ya ce, "Wani naka ne?"

Na ce, "Injiniyar da ta ɗaura ce."

Ya ce, "Ta iya aiki. Na ga yadda ta bi da kebul."

Na shiga ɗaki neman abin da ban ajiye ba, har ya tafi.

Asabar ɗin dai, ƙarfe biyar da rabi

Ashe shi ya sa ban taɓa kama ta ba. Tana kallon ƙeyata a bayan ƙyaure.

Wata huɗu. Ta gan ni da tawul. Ta ga shara irin tawa, wadda nake turawa ƙarƙashin tukunyar fure. Ta gan ni ina jan kujerar mamanta zuwa inuwa in rana ta taso, kamar akwai wanda zafi zai dama. Ta ga ranar da na zauna a bakin famfo na rufe fuska da hula. Allah Ya sa hazon ya rufa mini asiri, ta ɗauka barci ne.

Sai rannan ta buɗe waya ta ga duhu. Ta jira kwana uku, ta zo, ta ɗaga kai ta tarar an cire aikin hannunta an sa mata jajayen idanu huɗu. Me za ta ce? Tsoho ya gano, ya toshe, ya kuma kafa mini tarko.

Ni da na ce ina neman fuskarta. Zare ɗaya ya rage tsakaninmu, na kira ƙwararre ya tsinke shi.

Litinin, 27 ga wata, ƙarfe uku

Awo: 168 bisa 99.

Na ce wa mai kyamara ya dawo da kakar.

Ya ce, "Baba, ka san abin da kake cewa? Kwana goma muna neman hoto mai kyau, mun samu, yanzu in mayar maka da hazo? In abokan sana'a suka ji sai su daina gaishe ni."

Na ce ta tsakar gida kawai, da akwatinta, a kan shatarta. Sannan ta ƙofa, sabuwar, ya kashe ta.

Ya ce, "Wadda muka yi wa rumfa?"

Na ce ita. Ya zare mata kebul, jan idon ya mutu, ni kuma na hau na sa mata safa. Wannan karon ya riƙe mini tsanin.

Ya nuna mini inda zan danna in ga jerin lokutan. Sai na tambaye shi ko tsohuwar tana ɗaukar murya. Ya ce kurma ce. Na ce rubutu fa? Ya ce sai mun gwada.

Muka yanka kwalin da sababbin suka zo a ciki. Na samo ragowar baƙin fenti da tsohon buroshi. Ya zauna a ɗaki gaban allo, ni ina bakin famfo ina ɗagawa.

Na farko na cika shi da bayani, layi shida, har da gaisuwa. Ya ɗaga murya ya ce, "Kamar kaji sun yi tono a kai!"

Na rage zuwa layi uku. "Har yanzu tururuwa!"

Muka yi ta yi har sai da kowane baƙi ya kai tsawon tafin hannuna. A nan ya ce yana karantawa. Na auna. Kwali ɗaya, kalma uku. In an matsa, huɗu.

Na ce, "Ni? Kalma huɗu? Ai ko tari na yi ya fi haka."

Ya ce, "To sai ka zaɓa."

Talata, 28 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi

Na ɗaga: NA SHA MAGANI. Minti biyar.

Na duba jerin. Ba wanda ya shigo. Me zai sa ta buɗe abin da ta san a kashe yake?

Na kira Yaya. Na ce ba saƙo nake ba ta ba. Ta ce gara, don ba ta ɗaukar saƙon mutumin da ke da ƙafa. Na ce labari ne kawai: tsohon akwatin nan ya dawo aiki, in hira ta biyo ta nan.

Ta ce, "Hira ba ta biyowa ta akwati."

Sannan ta ce, "Ka ci abinci?"

Laraba, 29 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi

NA SHA MAGANI. Babu.

Tela ya leƙo ya gan ni da kwali sama da kai. Ya ce, "Direba, zanga-zanga kake yi? Da wa?" Na ce da kaina. Ya ce to a sa sunansa, yana goyon baya.

Alhamis, 30 ga wata, ƙarfe takwas

Ba leda.

Amma a jerin akwai sabon layi. Bakwai da minti ɗaya. Daƙiƙa goma sha biyu.

Awo: na yi sau biyu, injin ya ce in zauna in huta.

Juma'a, 31 ga wata, ƙarfe takwas

Na rubuta: SANƘO YA ƘARU. Na cire hula na nuna.

Daƙiƙa shida.

Asabar, 1 ga sabon wata, ƙarfe takwas

FIRIJ NA GAISHE KI.

Daƙiƙa huɗu.

Ƙarfe huɗu na yamma

Sha biyu, shida, huɗu. Ko ɗan aji huɗu ya san inda wannan lissafin ya nufa.

Kwali ɗaya ya rage mai kyau, murfin babban. Fentin ma ya kusa ƙarewa. Na zauna da buroshi tun azahar. Duk abin da ya zo mini sai ya zo da wutsiyar dariya. Haka na yi ranar. Na ga ta shigo, ƙirjina ya cika, na rasa inda zan sa abin, sai na ɗora mata laifin rasuwar, na yi masa kwalliya da murmushi. Wayarta a kashe take don tana cikin aiki. Ni ina gida, ina ɗaki ɗaya da mamanta, wayata a kunne, me na hana?

KI DAWO ba zai yi ba, umarni ne. KI YAFE MINI, wannan ma aiki ne na ba ta. Ta yi mini aiki ya isa.

Lahadi, 2 ga wata, ƙarfe tara

BA LAIFINKI BA NE.

Na fito tun bakwai saura. Ban cire hula ba, ban yi wata fuska ba. Na ɗaga. Kafaɗuna suka fara zafi, na ci gaba. Hannun hagu ya mutu, na ɗora kwalin a kaina. Tela ya leƙo, ya karanta, ya sauke kansa. Shekara ashirin muna maƙwabtaka, yau na fara jin shirunsa.

Da na kasa, na shiga na danna.

Bakwai daidai. Minti tara.

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe takwas

Shi na sake ɗagawa. Ba ni da wani.

Ba wanda ya shigo.

Talata, 4 ga wata

Babu.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Babu. Na wanke kofi ɗaya.

Ban goge riga ba.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe sha ɗaya

Ina bakin famfo da kwalina, bakwai saura, sai na ji an taɓa ƙyaure. Ba motsin rataya ba. Ƙwanƙwasawa, sau biyu.

Na buɗe da kwalin a hammata.

Ta rame. Ta canza gilashin ido. Ba wata kyamara da za ta gaya mini haka. Ledar tana hannunta, ba ta miƙo ba, ba ta kuma dube ni ba. Sama take kallo, kanta a karkace.

Ta ce, "Ina kwana, Baba. Wa ya yi maka wannan aikin?"

Na ce wani mutumin kirki ne.

Ta ce, "Ya bar mahaɗar kebul a waje. Ruwan farko zai shiga. Kuma wannan safar ta mene ce?"

Amsa uku suka zo mini a lokaci guda, kowace ta fi 'yar'uwarta daɗi. Na haɗiye su duka. Na ce, "Don kada ki ji ana kallonki."

Ta dubi safar. Sannan ta ce, "Ina tsani?"

Na riƙe mata. Minti ashirin tana sama, ina kallon takalminta. Ta nemi salatif, na kawo. Ta nemi filaya, na kawo cokali, na koma na kawo filaya. Ba mu yi maganar ba. Sau ɗaya ta leƙo ƙasa ta dubi kwalin da na jingine a bango, ta daɗe, sannan ta share gilashinta da gefen mayafi ta ci gaba.

Ba ta shiga ɗaki ba. Ba ta sha shayi ba. Ta tsaya gaban kujerar mamanta, ta ja ta zuwa inuwa. Ta ɓallo magani ta sa mini a tafin hannu, ta tsaya har na haɗiye. Ta ce za ta makara.

Bayan ta tafi na fita na ɗaga kai. Ta gyara kyamarori uku, ta naɗe su tsaf. Ta huɗun ta bar kebul ɗinta yana reto, ko salatif babu.

Tun tana shekara tara ban taɓa ganin Injiniya ta bar aiki rabi ba.

Awo: 149 bisa 90. Ban mayar da tsanin ɗaki ba.